Allurar Yaya a Ƙasan Firiza

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Umma ta kira sunan yayata ba. Yaya ce 'yar fari, Umma kuwa irin matan nan ne da suka taso da kunyar ɗan fari suka riƙe ta gam, har suka zo da ita Abuja ko ɗigo ba ta ragu ba. In za ta yi maganarta sai ta ce "waccan", in abin ya matsa ta ce "yayarki". Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta tambayarta ya jiki. In Yaya ta kwanta zazzaɓi, ni za a miƙa wa kofin kunu a ce, "Ungo, kai wa mutanen ɗakin can." Ni kuwa auta ce, sunana a bakin Umma yake tun safe har dare, galibi saboda na yi wa wani tsiwa. Bakina ba shi da birki. Kowa a layinmu na Lugbe ya san haka, ni ma ban taɓa musu ba.

Mu uku ne a gidan tun bayan rasuwar Baba. Umma tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Tana da wata ƙatuwar firiza a baranda, mai murfi a sama, da ɗan janareta wanda ba ya iya ɗaukar komai sai ita kaɗai. Ni ina tsaron shagon atamfa a kasuwar Gudu. Yaya malamar firamare ce, tana koyar da 'yan aji uku, kuma ajin nata a saman bene yake. Matakala goma sha takwas ne. Na san adadin ne saboda da ciwon ya fara sai ta riƙa ƙirga su, ta dawo gida ta ce mini yau a ta tara ta tsaya ta huta, yau a ta sha biyu.

Da ƙafar hagu ya fara. Ta ce tana jin ta kamar ta daɗe zaune a kanta. Ya tafi, muka manta. Bayan wasu watanni ya dawo da ido, tana ganin allo dishi-dishi. Maƙwabta kowa da maganarsa: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce wani ne a makarantar bai son ta. Mun sha yawon asibiti har takalmana suka gaji, kafin a tura mu wajen likitan jijiya, aka yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Ni ce na shiga ɗakin likitan tare da ita. Umma ta biyo mu har asibitin, amma a benci ta zauna a waje, wai tana tsaron jaka.

Likitan ya faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, ya ce su ma taƙaita shi suke yi su ce Em Es. Sai ya ɗauko wayar cajarsa ya nuna mana robar da ke jikinta. Ya ce kowace jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa tana da riga irin wannan. Garkuwar jikin mutum, wadda aikinta shi ne yaƙar cuta, ita ce a jikin Yaya ta rikice take cin rigar. Duk lokacin da ciwon ya tashi ana iya yin ɓarna, wata ta gyaru, wata ta zauna. Na tambaye shi kai tsaye, ni ba na iya kwana-kwana: za ta daina tafiya? Ya ce bai sani ba, amma akwai abin da za a yi don a rage yawan tashin.

Abin da za a yin allura ce a ƙarƙashin fata, sau uku a mako. Ya ce irin maganin da ake kira feftayid ne, wato 'yan guntayen furotin, dangin abin da ke cikin nama da wake, amma an ƙera su su yi kama da rigar jijiyar nan, don garkuwar jiki ta saba ta huce. Na ce to ba a yin ƙwayarsa ne, sai an riƙa huda baiwar Allah? Ya yi dariya ya ce wannan dai in ta haɗiye shi cikinta zai narkar da shi kamar tsire, ba zai kai inda ake so ba. Ya ƙara da cewa ba ya warkarwa, kuma ba ya son wasa: a firij ake ajiye shi, zafi yana lalata shi, in kuma ya daskare ya zama ƙanƙara to sai dai a zubar.

Ba a samun sa a kowane kanti. Wani babban kantin magani a Jabi ne yake yo mana odarsa daga waje, na wata uku-uku, kuma sai an jira makonni kafin ya iso. Yadda dangi suka haɗa hannu har muka fara labari ne daban, Allah ya saka musu. Ni aka koya wa yin allurar. Litinin, Laraba, Juma'a, bayan na dawo daga kasuwa. Da zarar na fito da sirinji Umma za ta miƙe, wai ta ji kamar ana sallama a waje. Tun ina jin haushi har na daina kula ta. A raina na yanke cewa wannan harka ta mu biyu ce, ni da Yaya, Umma ba ta so ta sani. Na samu takarda na rubuta da manyan baƙaƙe, da Turanci kamar yadda na gani a jikin kwalin, cewa kada a sa a firiza, na manna a ƙofar firij. Na ji na gama aikina.

Shekara guda da 'yan watanni ciwon bai tashi ba. Yaya ta daina ƙirga matakala. Har ta koma yi mini gorin cewa ta fi ni sauri, ni da nake da ƙafa biyu lafiyayyu da ƙiba.

Sai ga watan Maris. Wanda ya san zafin Abuja kafin ruwan farko ya san abin da nake nufi. Ko bango ka jingina sai ka ji kamar an sauke shi daga murhu. Sabon kwalin magani bai fi mako biyu da zuwa ba, taransifomar unguwarmu ta ƙone ranar Talata da yamma. Na ce ba komai, firij zai riƙe sanyi zuwa gobe, in na dawo kasuwa zan sayo kula mai riƙe sanyi in shirya abin yadda aka nuna mini. Da safe na fita a gurguje. Ban ce wa Umma uffan ba.

Da na dawo bayan la'asar, da sabuwar kula a hannu, na buɗe firij na ji ɗumi ya bugo ni. Kwalin ba ya nan. Yaya tana zaune a falo tana duba littattafan yara, ta ce ita ba ta taɓa ba. Umma tana baranda tana ƙulla zoɓo, janareta yana ta ƙara. Ba ta ɗago ba ta ce, "Abin waccan kike nema? Yana ƙasan firiza. Tun hantsi na ji firij ɗin ya saki."

Har yau ina tuna muryarta. Murya ce ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani amma ba zai ce a gani ba. Ta kwashe manyan ƙanƙararta na ƙasa, waɗanda masu shaguna suke rububi a irin wannan zafi, ta raba wa maƙwabta don ta samar wa kwalin wuri. Ta naɗe shi a leda biyu kada ruwa ya taɓa shi. Ta jera sauran ƙanƙarar ta zagaye shi, ta tayar da janareta tun safe ba ta kashe ba. A wajen Umma, ƙasan firizar nan shi ne wuri mafi daraja a gidan.

Na zaro kwalin. Na ɗaga sirinji ɗaya a haske. Ruwan ya zama dutse. Na duba na biyu, na uku, na juye su duka a kan murfin firizar. Babu ko ɗaya da ya tsira.

Abin da na faɗa ba zan ɓoye shi ba, tunda don shi nake wannan rubutu. Na ce, "Umma, wa ya aike ki? Shekara guda ba ki taɓa tambayar yadda take ba, ko kallon allurar ba kya yi, sai yau? Shi ke nan, kin kashe mata ƙafa."

Yaya ta taso daga falo ta ce, "Ke, rufe mana baki." Ba ta ɗaga murya ba, amma ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba. Umma kuwa ta sunkuyar da kai. Ta ƙarasa ƙulla ledar zoɓon da ke hannunta, ta ajiye, ta je ta kashe janareta, ta shige ɗaki. Gidan ya yi tsit, har na fi son ƙarar.

Washegari maganin ya narke. Abin takaici, ya koma garau kamar ruwan sama, ba ka ce wani abu ya same shi ba. Na ce zan kai Jabi su duba, wataƙila a ce ba komai. Ina sa takalmi sai ga Umma ta fito da mayafinta da 'yar jakarta. Ba ta ce za ta bi ni ba, ni ma ban tambaya ba. Muka shiga mota ɗaya daga bakin titin filin jirgi, kowa yana kallon tagarsa.

Matar da ke kula da mu a kantin Bagwariya ce, 'yar asalin garin nan, Hausarta irin ta Abuja, a bakinta namiji da mace duk ɗaya. Na zayyana mata da Turanci, da sauri, ina roƙon ta ce za a iya amfani da shi. Ta girgiza kai. Na ce ki duba fa, garau yake. Ta ce ta gani, amma ba za ta bari a sa wannan a jikin mutum ba. Sai ta kalli bayana ta ce, "Wannan Mama ne?" Ta zagayo daga bayan teburin sayarwa, ta jawo wa Umma kujera, ta rusuna ta gaishe ta. Abin da ni ban yi ba a shekara guda, ita ta yi shi a minti biyar.

Ta ce, "Mama, wannan magani sanyi yana so, amma bai son ƙanƙara. Abin da ke ciki ƙanana ne, suna da yadda aka shirya su. In ya daskare, shirin ya wargaje. Ko ya narke bai komawa."

Umma ta kalli sirinjin. Can ta ce, "Kamar kunun aya ke nan. In ya daskare ya narke sai ya tsinke, ruwa gefe, gari gefe. Ko ka girgiza ba ya zama na jiya."

Matar ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Haka ne, Mama. Sai dai na kunu ido yana gani, wannan ido bai gani."

Umma ta juyo ta kalle ni. Shekara ashirin tana sana'ar ƙanƙara. Ta san abin da ke son firiza da abin da ba ya so fiye da duk wanda ke cikin kantin nan. Ba ta taɓa sa ƙwai a ciki ba, ba ta taɓa barin kunun aya ya kwana a ƙasa ba. Ta ce, a hankali, "Auta, me ya hana ki faɗa mini haka?"

Na ce, "Ai na rubuta na manna a jikin firij."

Ta ce, "Da wane yare?"

Umma ta sauke Alƙur'ani tun tana yarinya, tana rubuta lissafin kanta da ajami, amma ba ta yi boko ba. Na san wannan tun ina goye. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona, sai na hau gyara murfin kula.

Aka yi sabuwar oda. Aka ce sai mun yi haƙuri, zai ɗauki lokaci. Likita ya ce a kula da ita, ta guji zafi, in ta ji wani sauyi a zo da wuri. Mako bakwai muka jira. Ni da nake ganin Litinin da Laraba da Juma'a sun dame ni, sai ga shi ranakun suna zuwa ina zaune hannu sake, ina satar kallon ƙafar Yaya in ta wuce.

A mako na biyar ta dawo daga makaranta a kan babur, abin da ba ta yi. Ta ce a matakala ta shida ƙafar ta ƙi ɗaguwa, sai da wata malama ta riƙo ta suka sauko. Aka kwantar da ita kwana biyar ana yi mata ƙarin ruwa da wani magani mai ƙarfi da ke kwantar da kumburin jijiya. Na tare likitan a baranda na tambaye shi ko rashin allurar ne. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Ciwon yana tashi ko ana kan magani, ga kuma zafin bana. Yana iya zama shi ne, yana iya zama ba shi ba. Na roƙe shi ya maimaita wa Umma da Hausa, ya kuwa fita har bencin da take zaune ya maimaita. Ta ce, "To, likita. Allah ya saka da alheri." Amma na ga fuskarta. Maganata ta riga tasa shiga.

Na ba ta haƙuri. Na durƙusa a ɗakinta na ce Umma ki yafe mini, laifina ne, ni ce ban yi bayani ba. Ta ce, "Ba komai, tashi." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini. Ta ci gaba da sana'arta, sai dai ta rage cin abinci, kuma in Yaya ta taso da sandar da aka ba ta a asibiti, tana jan ƙafar a kan siminti, sai Umma ta bar abin da take yi ta shige bayan gida. Sautin ne ba ta iya ji. Na yi kuka a shago ba sau ɗaya ba, har maƙwabciyata mai leshi ta zaci miji aka hana ni.

Ranar da sabon kwalin ya iso Juma'a ce. Na shirya kular yadda matar kantin ta nuna mana: ƙanƙara a naɗe cikin tawul a gefe, magani a tsakiya, ba sa taɓa juna, da ɗan ma'aunin sanyi a ciki. Bayan la'asar na fito da sirinji ɗaya na ajiye sanyin ya ragu. Umma ta miƙe kamar kullum, wai za ta duba ko an kawo wuta.

Yaya ta ce, "Umma."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

Yaya ta ce, "Hannun yarinyar nan nauyi gare shi. Shekara guda tana sukata kamar tana huda buhu, duk cinyata ta yi tabo. Ni dai daga yau ke nake so ki riƙa yi mini."

Na buɗe baki zan kare kaina, don wallahi hannuna ba shi da nauyi, ma'aikaciyar jinya ma ta yaba. Yaya ta harare ni. A karo na farko a rayuwata na gane harara tun kafin a maimaita, na yi shiru.

Umma ta ce wa ƙofar, "Ni ban iya ba."

Yaya ta ce, "Za a nuna miki. Da Hausa."

Umma ta juyo. Sannan ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta dawo ta zauna a bakin gadon, a kan zanin gado ɗaya da 'yarta ta fari. Na nuna mata yadda ake goge wurin, yadda ake tattaro fatar da yatsa biyu, inda ake riƙe sirinjin. Tana saurare tana gyaɗa kai, ta sa na maimaita sau biyu. Yaya ta ɗage zaninta zuwa cinya. Umma ta ɗora tafin hannunta a kan ƙafar hagun, wadda ake ja, ta bar shi a wurin. Hannun da yake cikin ƙanƙara tun safe, sanyi ƙalau. Yaya ta ce, "Kin ga, wannan ina jin sa."

Umma ta yi bisimilla ta soka. Da ta zare ta danna audugar, sai ta ɗago ta kalli Yaya ido cikin ido, ta kira sunanta. Sunan yanka, cikakke, wanda Baba ya raɗa mata. Ta ce, "Da zafi?"

Yaya ta girgiza kai, hawaye yana zuba. Ni na tattara kwali da audugar na fita baranda, na tsaya jikin firiza, don ban ga wurin zamana a ɗakin ba.

Ƙafar ba ta dawo duka ba. Da aka koma sabon zangon karatu an ce za a sauko mata da ajinta ƙasa, ta ce a bar shi inda yake. Tana hawa da sandarta, tana hutawa a ta tara. Ban san na shekara nawa za ta iya ba, likita ma bai sani ba. Takardar da na manna a firij an cire ta. Akwai wata a wurin yanzu, da rubutun ajami na Umma, wadda ni ba na iya karantawa sosai. Litinin da Laraba da Juma'a, bayan la'asar, duk wanda ya zo sayen ƙanƙara sai ya jira.